A Maido Da Zaman Magabata A Daren Jajibirin Ɗaurin Aure

Sanin kowa ne cewa da zarar an kawar da amfanin gona, dawa ta shiga rumbu, gyaɗa ta shiga buhu, to lokacin aure ya kama a ƙasar Gwarzo da Kabo. Daga Getso zuwa Kutama da Lakwaya, daga Garo zuwa Gude da Durun, da wuya Juma'a ko Asabar ta wuce ba a ji sanƙira yana shelar an ɗaura ba. Haka kuma abin yake idan watan Sha'aban ya tsaya, kowa yana ɗokin ya shigar da amaryarsa kafin azumi. Wannan daɗaɗɗen abu ne, kuma abin farin ciki ne. Sabon abin da ya shigo shi ne wani layi da ya fara samun gindin zama a jikin katin gayyata, tsakanin ranar kamu da ranar ɗaurin aure, watau liyafar dare wadda samari da 'yan mata suke kira dina.

A da can dina abin 'ya'yan masu hali ne na cikin birnin Kano. Yanzu kuwa ta biyo hanyar Rimin Gado ta iso yamma, har ta kai ga ƙaramin ma'aikaci da ɗan tireda da manomi mai 'yar gona suna ganin bikinsu bai cika ba sai da ita. Wasu sukan kama zauren taro a gari, wasu su kafa rumfuna a fili su tayar da janareta, masu dogon buri kuma su kwashi jama'a a motoci zuwa Kano. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne wannan: daren jajibirin ɗaurin aure dare ne mai aiki, kuma dina ta ƙwace shi ba tare da ta yi aikin ba. Lalle ne a maido da wannan dare hannun magabatan gidajen biyu, su zauna su ci abinci tare, su warware duk abin da ya rage kafin gari ya waye.

Inda Aka Samo Ta

Yana da kyau a san asalin abu kafin a yanke masa hukunci. A ƙasar Amurka akwai al'adar yin liyafa a daren jajibirin aure, amma tana da dalilinta. Aurensu na coci yana da tsari mai tsawo: wane ne zai fara shiga, wane ne zai riƙo hannun amarya, ina abokan ango za su tsaya, wane ne zai miƙa zobe. Saboda haka sukan taru da yammacin jajibiri su gwada abin daga farko har ƙarshe don kada a yi kuskure a gaban jama'a. Idan an gama gwajin sai a zauna a ci abinci. Bisa al'adarsu iyayen ango ne suke ɗaukar nauyin wannan liyafa, kuma ba gayyar gari ake yi ba. Iyaye ne da 'yan'uwa na kusa, da waɗanda suke da aiki a bikin gobe, da baƙin da suka zo daga nesa. Amfaninta biyu ne: kowa ya san aikinsa, kuma dangin da ba su san juna ba su saba.

Da abin ya iso nan sai aka ɗauki kwanon aka bar tuwon. An ɗauki teburi da kujeru da fitilu da kek, aka watsar da manufar. A dinar da ake yi yau, mahaifin amarya ba ya zuwa, waliyyinta ba ya zuwa, limamin da zai ɗaura auren ba ya zuwa, domin wuri ne da dattijo zai ji nauyin a gan shi. Waɗanda suke cika zauren su ne waɗanda ba su da ta cewa a kan sadaki ko wakilci ko ranar tarewa. Watau an kashe kuɗi mafi yawa a taron da ba a yanke komai a cikinsa ba. Daɗin daɗawa, a wannan dare ba a riga an ɗaura auren ba, amma ga ango da amarya a kujera ɗaya ana ta ɗaukarsu hoto.

Yadda Magabata Suka Tsara

Bahaushe bai rasa tsarin kwanakin da suke gabanin aure ba. Akwai gaisuwar iyaye, akwai baiko da sa rana, akwai kai lefe, sa'an nan kamu da sa lalle da wuni, kowanne da masu yinsa da abin da ake nufi da shi. Mai son ya ga yadda abin yake a wannan yanki tun kafin zuwan Turawa yana iya duba labarin Baba ta Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo ta yanzu, ba nisa da Gwarzo. Wata Baturiya mai suna Mary Smith ce ta rubuta labarin daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. A ciki Baba ta bayyana kwanakin lalle, da aikin ƙawaye da abokan ango, da yadda mata suke tara wa juna gudummawa.

Abin lura a wancan tsari shi ne nauyin biki ba ya kan mutum ɗaya. Mace ta kai wa ƙawarta biki yau, ranar nata hidimar a mayar mata da ƙari, kowa yana sane da abin da aka kawo masa da abin da ake binsa. Wannan ya kawo tiyar gero, wancan ya kawo itace, maƙwabta su ba da aron tukwane da tabarmi. Abincin da za a ci daga rumbun gida ya fito. Maganar aure kuwa, a zaure ake ƙare ta tsakanin baffanni da kawunnai, a kan goro da ƙwaryar fura, tun kafin a tara jama'a. Dina ba ta shiga wannan lissafi. Mai zauren taro ba ya karɓar gudummawar gero, mai sa kiɗa ba ya jiran ranar nasa bikin a rama masa. Tsabar kuɗi suke so, kuma kafin a fara.

Abin Da Ɗaurin Aure Yake Bukata

Ɗaurin auren Musulmi ba ya bukatar gwajin tafiya ko na tsayuwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajirai suke karantawa a zaurukan Gwarzo da Kabo, ya nuna cewa aure yana tsayuwa ne da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai, kuma mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya shi ne rubu'in dinari. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, jama'a su shaida, a shafa fatiha. Abin ba ya wuce 'yan mintoci. Amma duk wanda ya saba halartar ɗaurin aure ya san irin cikas ɗin da akan samu a cikin waɗannan 'yan mintoci.

Akan zauna a jira waliyyi, ashe baffa biyu ne kowanne yake ganin shi ya cancanta, ba a sasanta su ba. Akan tambayi sadaki, wakilin ango ya faɗi wani adadi, dangin amarya su dubi juna domin ba haka aka gaya musu ba. Akan tambaya lakadan ne ko ajalan, a rasa mai amsawa, sai an aika a nemo ango. Kati ya ce ƙarfe goma a ƙofar gida, alhali kuwa liman ya san da bayan sallar Juma'a a masallaci, baƙin da suka taso daga Kano ko Malumfashi su iso an watse. Da yamma kuma a tashi kai amarya a tarar ba a tanadi mota ba, ko an tanadi ɗaya ga mata talatin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin zaman sa'a guda. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren da ya kamata a yi fafen an tafi da shi wajen rawa.

Yanzu ma an sami ƙarin abin da za a tabbatar. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, wanda ya haɗa da cutar ƙanjamau da ciwon hanta da kuma rukunin jini don gudun sikila. Dalilin a fili yake: idan namiji da mace duka suna ɗauke da ƙwayar sikila, to kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar yaro mai ciwon. Wannan gwaji kamata ya yi a je Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa a yi shi tun kafin a sa rana, domin fasa aure bayan an kai lefe abu ne mai ciwo. Amma takardar shaidar tilas ta kasance a hannu ranar ɗaurin aure, kuma zaman jajibiri shi ne wurin da magabata za su gan ta cikin sirri, ba a tsakiyar taro ba.

Lissafin Dare Ɗaya

A ɗauki misali mai sauƙi. A ce an gayyaci mutum 200, kuma abincin kowane mutum da abin shansa ya tsaya a kan Naira 2,000. Naira 400,000 ke nan a kan ciki kaɗai. Ba a sa kuɗin zaure ba, ba a sa mai kiɗa da mai gabatarwa ba, ba a sa mai hoto da mai kwalliya da man janareta ba, ba a sa rigar da amarya za ta sa sau ɗaya ta ninke ba. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a ƙarshen 2024 shi ne Naira 71,000 a wata. Ke nan abincin wannan dare kaɗai ya haura albashin wata biyar na ƙaramin ma'aikaci.

Ga wani ma'aunin kuma. A 2023 gwamnatin jihar ta amince da kashe Naira miliyan 854 don auren gata na mutum 1,800 da amarensu, wanda Hukumar Hisba ta shirya aka ɗaura a watan Oktoba na shekarar. Idan aka raba, kowane aure ya tashi a kan kimanin Naira 474,000, kuma a cikin wannan ne aka biya sadakin Naira 50,000, aka sayi gado da katifa da sauran kayan ɗaki, aka ba amarya ɗan jari. Ashe kuɗin da ya isa a kafa gida sukutum shi ne ake cinyewa tsakanin isha'i da tsakar dare.

Daga ina kuɗin yake fitowa? A ƙasar noma kamar Gwarzo da Kabo amsar ba ɓoyayya ba ce. Daga rumbu yake fitowa. Manomi ya ɗauki masara da dawa da waken suya ya kai kasuwar Getso da kaka, lokacin da kowa yake sayarwa, farashi yana ƙasa. Idan bazara ta yi, ko damina ta tsaya, shi ne zai koma kasuwar ya auno da tsada, ko ya rasa kuɗin taki. Wani ya sayar da san noma, wani ya jinginar da gona, wata uwar ta kwashe adashin shekara guda. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 rayuwa ta ƙara tsanani, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gidan da ya sha wannan wuya bai kamata ya ƙara wa kansa bashin dare ɗaya ba. Amarya ce take fara ɗanɗana kuɗar abin, domin ita za ta tare a ɗakin da babu cefane, mijin yana ɓuyar masu bin bashi tun lallenta bai goge ba. Da yawa daga cikin rigingimun da suke kaiwa gaban mai unguwa a watannin farko na aure daga nan suke tsira.

Nauyin bai tsaya a kan gidajen biyu ba. Dina tana tafe da anko, kuma ƙawar da ba ta da halin saye ko dai ta matsa wa iyayenta, ko ta nemi kuɗin ta hanyar da ba ta dace ba, ko ta zauna a gida da baƙin ciki. Tana tafe da liƙi, wanda mutane da yawa ba su san laifi ne ba, alhali kuwa Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar Naira 50,000, ko duka biyu, ga mai wulaƙanta takardar Naira. A 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ɗaure wani matashi wata shida saboda liƙin da ya yi a wajen bikin aurensa. Har ila yau tana tafe da tafiyar dare. Tsakanin Gwarzo da Kano akwai kimanin kilomita 70, kuma masu zuwa dina a birni sai dare ya tsala suke kamo hanya, mota cike da 'yan mata, direba ya wuni yana zirga-zirga. A ƙarshen 2025 an ga yadda 'yan bindiga suka riƙa kai hari a ƙauyukan Shanono, maƙwabciyar Gwarzo. Ba hikima ba ce a riƙa fitar da 'ya'yan mutane kan hanya a irin wannan lokaci don abin da ba farilla ba, ba sunna ba.

Hujjar Masu Goyon Baya

Masu goyon bayan dina suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Na farko sun ce auren fari sau ɗaya ne, yarinya tana da hakkin ta yi farin ciki da ƙawayenta. Wannan gaskiya ne. Amma ai don haka aka yi kamu da lalle da wuni, inda mata suke shagalinsu a cikin gida, da guɗa da kiɗan ƙwarya, ba mai hana su. Idan ana so a ƙawata waɗannan da ado da hoto, ba laifi, muddin an tsaya a kan abin da aljihu zai ɗauka. Farin cikin da ya fi amfanar amarya shi ne wanda zai kai ta watan shida a ɗakinta ba ta ji ana sallama da mijinta a kan bashi ba.

Na biyu sun ce dina tana ciyar da masu sana'a: masu girki, teloli, masu hayar kujeru, masu hoto. Wannan ma haka ne. Sai dai kuɗin da aka hana dina ba ƙonewa zai yi ba. Zai tafi wajen kafinta mai gado, da magini mai gyaran ɗaki, da mai sayar da keken ɗinki ko injin markaɗe ko tunkiyar kiwo, waɗanda su ma 'yan gari ne. Masu girki da masu kujeru kuwa suna da aikinsu a ranar walima.

Na uku sun ce mai hali ya yi abinsa, ina ruwan wani? Da abin ya tsaya a kan mai hali da ba a yi magana ba. Amma a gari kamar Kabo ko Getso kowa ya san kowa. Idan 'yar Alhaji ta yi dina a wannan mako, 'yar maƙwabcinsa mai facin taya za ta sa kuka a mako mai zuwa, uwarta kuma ta ce ba za a raina 'yarta ba. Saboda haka gyaran daga manya zai fara. Ranar da attajiri ko ɗan siyasa ya aurar da 'yarsa ba dina, ya sauke wa talakawa ɗari nauyi ba tare da ya ba su ko kwabo ba.

Akwai ma wani abin mamaki. A daidai lokacin da mutanen karkara suke sayar da hatsi don su kwaikwayi birni, 'yan birni sun ƙirƙiro nasu shagalin da suke kira ranar ƙauyawa, inda suke sa tsumma su shafa baƙi su yi ta kwaikwayon mutanen ƙauye ana dariya, har sai da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta haramta shi a 2025. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutumin Gwarzo da na Kabo su riƙe nasu da daraja.

Doka Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Wasu za su ce gwamnati ta kafa doka a huta. An sha gwadawa. Tun zamanin mulkin soja a shekarun 1980 aka yi dokar taƙaita kashe kuɗi a aure a Jihar Kano. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa shirin A Daidaita Sahu, wanda ya yi ta wa'azi a kan gyaran ɗabi'u. A 2023 Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta zartar da tata dokar a kan almubazzaranci a bukukuwan aure da suna. Kai, tun a ƙarshen ƙarni na 18 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi magana a littafinsa Ihya'us Sunna a kan walimar da aka cakuɗa da ɓarna. Duk da haka abin yana nan, domin ɗan sanda ba zai iya tsayawa a ƙofar kowane gidan biki ba, kuma ba mai kai ƙarar surukinsa.

Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Ƙaramar Hukumar Gwarzo sun haura 180,000, na Kabo sun haura 150,000, kuma ko shakka babu sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Waɗanda suke iya isa ga kowane gida a cikin wannan jama'a su ne hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai. Liman ne yake ɗaura auren. Idan ya ce ba zai zauna gobe ba sai ya ga magabatan gidajen biyu a daren yau, za a zo. Idan dagaci ya tara masu unguwanninsa suka yi ittifaƙi, kuma suka fara da 'ya'yansu, za a bi. Malaman Islamiyyar matan aure su ma suna da babban rabo, domin yawancin shawarar biki a tsakar gida ake yanke ta.

Yadda Za A Shirya Zaman

Shirin ba mai wahala ba ne. Tun ranar da aka sa rana a sa har da wannan zama, a sanar da gidajen biyu. A yi shi tsakanin magariba da isha'i, ko da an idar da isha'i, a zauren waliyyin amarya, don kowa ya koma gida da wuri. Waɗanda za su halarta su ne waliyyi, da wakilin ango, da baffa ko kawu ɗaya ko biyu daga kowane ɓangare, da liman, da mai unguwa, da babban abokin ango, domin shi ne mai kai-da-kawowa gobe. Ba su wuce mutum goma sha biyar ba. A cikin gida kuma iyaye mata su yi nasu: gwaggo ko inna daga gidan ango ta zo ta zauna da uwar amarya da uwar wanka da babbar ƙawa.

Ya dace gidan ango su ɗauki nauyin abincin, tun da hidimar gobe ta fi yawa a gidan amarya. Tuwo da miya da 'yan kaji biyu ko uku, ko waina, da fura ko kunu, da goro, sun wadatar. A zauna a tabarma ɗaya a sa hannu a akushi ɗaya, domin mutanen da suka ci tare sukan ji nauyin juna ranar da saɓani ya taso tsakanin 'ya'yansu.

Bayan an ci sai a bi al'amura ɗaya bayan ɗaya. A tabbatar da wanda zai yi walicci, kuma a ji daga bakin iyaye mata cewa yarinya ta yarda. A faɗi sadaki da adadinsa, a ƙirga shi a gaban shaidu idan lakadan ne, a kuma tuna wa kowa cewa hakkin amarya ne, ba kuɗin cefanen biki ba. A duba takardar asibiti. A tsayar da wuri da lokaci guda, a sanar da baƙi tun a daren ta wayar hannu. A san inda baƙin nesa za su sauka da wanda zai kula da abincinsu. A ƙayyade motocin kai amarya da yawan matan da za su raka ta, a kuma yanke cewa za a kai ta da sauran haske, musamman idan wani gari za ta. Sa'an nan a taɓo abin da aka fi jin kunyar faɗa: idan tana karatu ko sana'a, za ta ci gaba? A ina za ta zauna, da wa da wa? Me aka yafe na gara, me ya rage? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganar da aka faɗa a gaban liman da dattawa a wannan dare ta fi wadda za a tono a gaban alƙali bayan shekara guda. Daga ƙarshe a kira ango a yi masa nasiha, iyaye mata su yi wa amarya tata, a yi addu'a a tashi.

Wanda kuma Allah ya hore wa yana son ya ciyar, ga walima nan bayan an ɗaura aure, wadda ita ce sunna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu da ya yi walima ko da da tunkiya guda ce, shi kansa kuma ya yi walimar aurensa da Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu. Ya kuma yi tir da walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Dina kuwa da kati ake shiga, da mai gadi a ƙofa, almajiri da maƙwabci talaka sai dai su ji ƙamshi. Walimar rana a ƙofar gida, wadda kowa zai zo ya ci ya sa albarka, ta fi arha, ta fi lada, ta kuma fi kama da halin mutanen wannan ƙasa.

Saboda haka kira ya tafi ga hakiman Gwarzo da Kabo, da dagatai da limaman Juma'a, da ƙungiyoyin matasa da na ci gaban garuruwa, da su ɗauki wannan magana tun kafin kaka mai zuwa, su fara da gidajensu. Iyaye kuma su sani cewa mutuncin 'yarsu yana ga zaman lafiyar ɗakinta, kuma za a daɗe ana ganinsa bayan an manta da wanda ya yi dina da wanda bai yi ba. Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kuma ba magabata ikon tsayawa a kan gaskiya, amin.